Filin Masu Saƙa: Kwarashi a Bakin Rigar Jariri

Tun da iska ta juya, leɓe ya fara tsagewa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan kayan sanyin jarirai. Yawancin masu tambaya sun iya saƙar tsinke, sun kuma iya ta kwarashi, wurin haɗa su a riga ɗaya ne ake samun cikas. Don mu fahimci juna: ido shi ne madaukin zare ɗaya, layi kuma tafiya ɗaya daga gefe zuwa gefe. A kwarashi, gajere shi ne ki zura, ki jawo zare, ki naɗo ki fitar da madaukai biyun lokaci guda. Dogo sai kin naɗa zare kafin ki zura, sannan ki fitar da madaukan bibbiyu har sau biyu. Ƙulle kuwa ki zura ki jawo zaren ta cikin idon da madaukin da ke kan kwarashi gaba ɗaya. Sarƙa kuma ki naɗo zare ki fitar da shi ta cikin madaukin da ke kan kwarashi, ba tare da kin zura a ido ba.

Daga wata mai juna biyu, Unguwar Jahun, Bauchi: Assalamu alaikum Anti. Na gama rigar sanyi da tsinke, na zo yi mata baki da kwarashi, sai bakin ya yi ta lanƙwashewa kamar ganyen latas. Na warware na sake, wannan karon kuma ya tattare kamar ƙugun wando mai zariya. Ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Hannunki ba shi da laifi, lissafi ne ya kuɓuce miki. Idon tsinke faɗinsa ya fi tsayinsa, shi kuma gajeren kwarashi ya fi idon tsinke faɗi. Idan kika sa gajere a kowane layi na gefen riga, kin cusa wa wurin abin da ya fi ƙarfinsa, dole ya yi lanƙwasa. Da kika ji tsoro kika yi ta tsallake, sai bakin ya gaza tsawon rigar ya ja ta.

Ɗauki zare matsakaici, wanda aka rubuta DK a takardarsa, da tsinke milimita 4. A saƙar santsi, wato layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, santimita 10 tana cin ido kamar 22 a faɗi, layi 28 zuwa 30 a tsaye. Gajeren kwarashi da wannan zaren yana cin 18 zuwa 20 a santimita 10. Saboda haka a gefen da ke tsaye, kamar gaban riga inda maɓallai za su zauna, ki sa gajere biyu a kowane layi uku: ki zura, ki zura, ki tsallake. A ƙasan riga da bakin hannu, inda kike bin idanu a kwance, ki yi biyar ki tsallake na shida. Idan saƙar gaba zalla kika yi, mai tudu-tudu, gajere ɗaya a kowane tudu ya wadatar.

Kwarashin ya ɗan fi tsinken siranta, milimita 3.5 ga tsinke 4. Ki riƙa zurawa ƙarƙashin zare biyu na idon gefe, domin in zare ɗaya kika kama zai miƙe ya bar rami. A kusurwar waje, kamar ƙasan gaban riga, gajere uku a ido ɗaya, in ba haka ba kusurwar za ta naɗe ciki. A lanƙwasar wuya kuma ragewa ake yi, ki haɗe biyu su zama ɗaya a kowane lungu.

Kada ki jira sai kin zagaye rigar kafin ki duba. Kin yi tsawon ɗan yatsa, ki shimfiɗa ta a kan tire ki ɗauke hannunki. In ta kwanta lamo, ci gaba. Sannan ki sani saƙar santsi halinta ne naɗewa, sama da ƙasa su naɗo gaba, gefuna su naɗe baya. Layi ɗaya na gajere ba ya iya riƙe ta, sai biyu ko uku. A kan wannan harsashin ake ɗora ado. In bakin mafici kike so, ki tsallake ido biyu, dogo biyar a na uku, ki tsallake biyu, gajere ɗaya, haka har ƙarshe. Kowane mafici yana cin ido shida, don haka ki ƙirga tun a layin harsashi adadin ya kasu shida-shida daidai, da ƙarin ɗaya.

Daga wata kaka, Azare: 'Yata za ta haihu cikin Disamba in Allah ya yarda. Ina son ma'aunin riga da hula na sabon haihuwa, da yawan zaren da zan saya. Tsinkayena tsofaffi ne, an rubuta 8 da 10 a kansu.

Hajiya, Allah ya kawo jikan lafiya. Ki riƙe tsinkayenki da kyau, da tsohuwar zuma ake magani. Wannan tsohon lissafin Ingila ne, inda babbar lamba take nufin siririn tsinke: 8 shi ne milimita 4, 10 kuma milimita 3.25, kuma su ne daidai wannan aikin.

Kafin komai ki saƙa ɗan gwaji, ido 28 layi 30, ki auna tsakiyarsa da tef. In santimita 10 ta ba ki ido 22, lissafin da ke ƙasa naki ne. In ta ba ki 20, hannunki sake ne, ki rage girman tsinke. Bambancin ido biyu a gwaji yana zama kusan santimita 5 a zagayen ƙirji, to kin ga ba ƙaramin abu ba ne ga jariri.

Riga mai buɗaɗɗen gaba, daga haihuwa zuwa wata uku, zagayen ƙirji santimita 46. Baya: ki ɗora ido 50, ki saƙa santsi har santimita 14, ki ɗaura ɗan zare mai wani launi a gefuna biyu, nan ne hammata. Ki ci gaba har 24, ki rufe. Ido 14 na kowane gefe kafaɗa ne, 22 na tsakiya wuya. Gaba: ɓangare biyu, kowanne ido 25. A santimita 20 ki rufe ido 5 ta wajen wuya, sannan ki rage ɗaya a kowane layi sau shida, saura 14, ki miƙe har 24. Ɓangare na biyu ki juya ragin zuwa ɗaya gefen, kada ki tashi da gaban dama guda biyu, kuskure ne da ƙwararru ma ke yi in hira ta yi daɗi. Hannu: ido 30, layi shida na roba da tsinke 10 (ido ɗaya gaba ido ɗaya baya), ki koma tsinke 8 ki ƙara ido ɗaya a kowane gefe duk bayan layi huɗu har su kai 44, ki miƙe har santimita 14. Ki ɗinke kafaɗu, ki dasa hannu tsakanin zarurrukan alama, ki ɗinke gefe, sannan kwarashi ya zagaye ƙasa da gaba da wuya da layi uku.

Hula: kan sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36, hula kuma ana yin ta ƙasa da kai da kamar santimita 2 ko 3 don ta kama. Ido 74, biyu daga ciki na ɗinki ne. Roba santimita 3, santsi har 9, sai ragi: ki saƙa 7 ki haɗe biyu, har ƙarshen layi. Layi na gaba babu ragi. Sai 6, sai 5, sai 4 a haka. Daga nan ki rage a kowane layi har saura 10, ki zura zare cikinsu ki zuge.

Zare: giram 100 na riga, 30 na hula, 25 na safa, da 25 na launin baki. Ki sayi 200 lokaci guda, ki duba lambar rini a takarda ta zama ɗaya. Fari ma yana da kala-kala, kuma sai an fita rana ranar suna bambancin ke bayyana.

Daga wata amarya, Fadaman Mada: Anti, na saƙa wa ɗan yayata riga marar buɗi, na yi wa wuyan ado da kwarashi. Rigar ta yi kyau amma ta ƙi wuce kansa, har ya yi kuka. Ko in yanka wuyan?

Ajiye almakashi ƙanwata, in kika yanka saƙa za ta zube. Abin da ya faru shi ne saƙar tsinke tana miƙewa ta dawo, ta kwarashi kuwa, musamman gajere da ƙulle, kusan ba ta miƙewa. Kan jariri ya fi wuyansa girma nesa ba kusa ba, ɗan wata uku kansa yakan kai santimita 40, ɗan shekara ɗaya kamar 46. Kin ɗaure ƙofar da kan zai bi.

Ki nemo inda kika ƙare kwarashin, ki zaro wutsiyar, ki ja, zai warware cikin sauƙi. Sai ki farke ɗinkin kafaɗar hagu daga wuya zuwa kamar santimita 6. Ki bi bakin buɗin da layi biyu na gajere, a gefen gaba ki yi madaukan maɓalli biyu: sarƙa huɗu, ki tsallake ido biyu, gajere. Yanzu ki maida adonki a wuya, ba zai ƙara hana kai wucewa ba tunda ƙofa ta koma kafaɗa. Ki gwada da kwano ko ƙwarya mai zagaye santimita 42 kafin ki kusanci yaron.

Wannan ita ce ƙa'idar da muke so kowace mai saƙa ta riƙe: inda ake son tsayuwa, kamar gaban riga, ƙasan riga, bakin bargo da wurin maɓalli, nan ne gidan kwarashi. Inda ake son miƙewa, kamar rufaffen wuya, bakin hula, wuyan safa da ƙugun wando, a bar wa roba ta tsinke. In dole sai an yi ado a bakin hula, a sa sarƙa ɗaya ko biyu tsakanin kowane gajere, kuma a yi da kwarashi mai ɗan kauri, a ja bakin da hannu ana yi ana gwadawa.

Daga wata mai jego, Misau: Maɓallan rigar da aka kawo mana barka suna yi wa yarinya shaida a ƙirji in na goya ta, ni ma ina jin su a bayana.

Barka da arziki, Allah ya raya. Yawancin zanen rigunan da ake kwaikwayo daga intanet an yi su ne don jariran da ake turawa a keke, ba a yi tunanin zanen goyo da majanyi ba. Ɗanmu ƙirjinsa manne yake da bayan uwa, in an sauke shi kuma a kan bayansa ake kwantar da shi. Kenan gaba da baya duk ba wurin abu mai tauri ba ne. Kafaɗa da gefen haƙarƙari su ne suka fi.

Ga wadda ke hannunki, cire maɓallan roban ki saƙa na zare: sarƙa biyu, gajere shida a sarƙar farko, ki ƙulle, ki sake zagaye ɗaya ba ƙari, ki cusa wutsiyar zaren a ciki ki zuge. Zai fito ɗan dunƙule mai laushi. Ki ɗinke shi da zaren saƙar kansa, ki ratsa sau shida aƙalla. Kowane irin maɓalli ne, ki riƙa jan sa da ƙarfi bayan kowane wanki, domin abin da ya tsinke a rigar jariri bakinsa yake nufa.

Daga wani magidanci, Yelwa: Malama, uwargida ta aike ni Kasuwar Wunti sayen ulu. Kowane mai shago ya ce nasa ne na asali. Yaya zan gane mai kyau?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara zumunci. Duk abin da ke kasuwa ulu muke ce masa, amma mafi yawansa akirilik ne, zaren roba, ba gashin tunkiya ba. Wannan ba aibi ba ne. Akirilik mai laushi yana jure wanki, ba ya motsewa, kuma bai cika ƙaiƙayi ba. Aibin yana wurin mai arahar nan mai kaushi da ƙyalli, wanda ke ƙara in an murza shi. Araha ba ta ado.

Ka goga dunƙulen a wuyanka ko cikin damtsenka. In ka ji tsikari, jariri zai ji fiye da haka. Ka ja zaren tsakanin yatsu biyu sau goma, in gashi ya tashi ya dunƙule, haka rigar za ta yi bayan wanki biyu. Ka guji mai dogon gashi kwata-kwata, yana shiga hanci da baki. In kana son sanin asalinsa, ka yanki ɗan guntu ka ƙona a gida nesa da yara: akirilik yana narkewa ya bar baƙin dunƙule mai tauri, ulun tunkiya yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murƙushewa, auduga kuma tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi.

Wannan narkewar ita ce abin da muke so ka kai wa uwargida da babbar murya. Ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kaskon garwashi da na turaren wuta a hunturu. Tartsatsi ɗaya a kan rigar akirilik yana narkar da ita ta manne a fata. Kada a yi wa jariri turare yana sanye da ita, kada a shanya ta a kan kasko, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana kuma kisa.

Abu na ƙarshe, zaren jiki da na baki su zama iri ɗaya. In aka yi jiki da akirilik baki da auduga, audugar za ta motse a wanki ta tattare rigar. In bakin ja ne ko shuɗi mai duhu a kan fari, a jiƙa guntunsa a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle na rabin awa, a ga ko yana zuba.

Daga wata ɗaliba, Gwallaga: Ina son fure a hula da safa, da 'yan duwatsun ado a tsakiya.

Fure e, duwatsu a'a, ko da kuwa mai oda ta nace. Sarƙa biyar ki ƙulle ta zama zobe, gajere goma a cikin zoben. A ido na farko: sarƙa biyu, dogo uku, sarƙa biyu, ƙulle duk a wuri ɗaya. Ki tsallake ido ɗaya ki ƙulle a na gaba, ki maimaita, za ki samu kunnuwa biyar. Tsakiyar ki cike ta da ɗinkin zare mai wani launi. Ki ɗinke furen kunne-kunne har bakinsa, kada ki kama tsakiya kawai, kuma a gefen hula sama da kunne, ba ta ƙeya inda kai ke kwanciya ba.

Ki juya safar ki duba cikinta. Zare ɗaya da ya yi lilo yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya hana jini gudu, yaro ya yi ta kuka an rasa dalili. Kada ki ƙulla wutsiyar zare ki yanke, ƙullin akirilik santsi gare shi, yana kwancewa. Ki bar santimita 12, ki sa a allura mai dakusasshen baki, ki bi bayan saƙar santimita 5, ki juyo ki ratsa ta cikin zaren da kika bi, sannan ki yanke. Igiyar ɗaure hula a haɓa da ta wuyan riga kada a sa su. Bargo mai manyan ramuka kuma, wanda yatsa ke shiga, na ɗaukar hoto ne da fita unguwa a hannun babba.

Daga wata mai saƙar inji, Ningi: Na goge rigar oda da dutsen guga, ta yi laushi ta baje, ta ƙi komawa.

Ba za ta koma ba Hajiya, zafi ya kashe zaren, sai dai a saƙa wata. Akirilik ba ya son ƙarfen guga ya taɓa shi, balle na gawayi da ba a iya saita zafinsa. In baki ya ƙi kwanciya, ki shimfiɗa rigar a kan tawul, ki kafe ta da fil daidai ma'auni, ki fesa ruwa, ki bar ta ta bushe. In ta kama sai tururi, dutsen ya tsaya sama da ita kamar faɗin yatsu biyu na ɗan lokaci kaɗan, kuma kada tururin ya je kan roba.

Tunda zaren inji siriri ne kuma gefensa a matse yake, kwarashi milimita 2.5 ko 3 za ki riƙe. Ki faɗa wa masu sayen kayanki yadda ake wanki: ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙarfi, a matsa a hankali ba cuɗawa ba murɗawa, a naɗe a tawul a danne, a shanya a kwance a inuwa. In aka rataya a igiya nauyin ruwa zai ja jikin ya yi tsawo, bakin kwarashi kuma ya tsaya inda yake, sai rigar ta karkace. Da ƙurar hunturu, a rufa mata siririn mayafi tana bushewa.

Daga wata uwa, Toro: Anti, bakwaini na haifa, an sallamo mu daga asibiti. Kin san sanyin garinmu. Riga nawa zan jera masa, kuma wace irin hula?

Allah ya raya shi ya ƙara masa ƙwari, 'yar'uwa. Toro kusa take da tsaunukan Jos, sanyinku ya fi na cikin Bauchi, damuwarki tana kan hanya. Amma abin da ya fi ɗumama bakwaini jikinki ne. Ki sa masa kunzugu da hula da safa kawai, ki kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fata da fata, kansa a juye gefe hancinsa a buɗe, ki ɗaure da zani ki rufa ku biyun. Wannan ne ma'aikatan lafiya ke koyarwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Mahaifinsa ko kakarsa ma za su iya karɓar ki. Rigar da ta dace da shi ita ce mai buɗaɗɗen gaba marar maɓalli, wadda za ta rufe bayansa ta bar ƙirjinsa a jikinki.

Hularsa a yi ta da siririn zare mai laushi da tsinke 3.25, roba tun daga ƙasa har sama don ta bi girman kansa. Ki auna kan da tef sama da gira. In ya ba ki santimita 30, ki ɗora ido 76, ki saƙa santimita 8, ki rage biyu su koma 74, sannan ki bi ragin da muka ba Hajiyar Azare. Ɗinkin ya koma waje. Ba fure, ba mafici, ba kwarashi ko kaɗan a wannan hular, fatarsa ba ta kai ɗaukar tudu ba tukuna. Ki saƙa uku, domin wadda ta jiƙe da gumi ko tumbuɗi sanyi take jawowa.

Saƙa ba ta hawa fatar jariri kai tsaye, a fara sa 'yar shimi ta auduga. Don sanin ko ya ji ɗumi, ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, tafin hannu da ƙafa sukan yi sanyi ko da lafiya lau yake. Gumi a wuya da ƙurajen zafi alamar kaya sun yi yawa ne, ki rage ɗaya. In kina da ma'aunin zafi, daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5. In ya sauka ƙasa da haka kuma bai hau ba bayan awa ɗaya a ƙirjinki, ko ya kai 38, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya canza, ki ɗaure shi a ƙirji ku koma asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.